Yadda Ake Auna Ƙarfin Jan Ƙasa a Teku Daga Sama

Mai tsayawa a bakin teku yakan ɗauka cewa in iska ta kwanta, fuskar ruwan shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Alhali kuwa tana da tuddai da kwaruruka, waɗanda ba su gusawa daga inda suke. A kudancin Indiya akwai wurin da fuskar teku ta lotsa da kimanin mita 100, amma lotsawar ta bazu a fili mai faɗin gaske, har jirgi ya ratsa ta matuƙinsa bai sani ba.

Dalilin haka shi ne, duk abu mai nauyi yana jan abin da ke kusa da shi. Dutsen da ke ƙarƙashin teku ya fi ruwa nauyi, saboda haka sai ya riƙa janyo ruwa, ruwan ya taru a bisansa. Dutse mai tsawon mita 2,000 yakan ɗaga fuskar ruwa da wajen mita 2. Watau fuskar teku tana kwaikwayon abin da ta rufe.

Wannan tudu shi tauraron ɗan'adam yake aunawa. Daga nisan kimanin kilomita 800, yakan harbo saƙon rada zuwa ruwa, ya ƙidaya lokacin da saƙon ya yi kafin ya komo. Tun da an san inda tauraron yake, sai a san tsayin ruwan. Sa'an nan a cire abin da igiyar ruwa da cikowar teku suka ƙara, kuma a nan wahalar aikin take. Daga gangaren da ya rage ake lissafa ƙarfin jan ƙasa a wurin.

Tauraron Seasat, wanda Amurka ta harba a 1978, bai fi wata huɗu yana aiki ba ya lalace, amma da abin da ya tara William Haxby ya zana taswirar da ta buɗe idon masana. A 1985 rundunar sojan ruwan Amurka ta harba Geosat, ta kuwa ɓoye mafi kyawun awonsa, domin makamai masu linzami da ake harbawa daga ƙarƙashin ruwa suna bukatar wannan lissafi. Sai a 1995 aka saki awon duka, bayan tauraron Turai, ERS-1, ya yi irinsa. A 1997 Walter Smith da David Sandwell suka fitar da taswirar ƙasan teku ta duniya.

Lalle wannan hanya ba ta ganin ƙananan duwatsu sosai, dole jirage su bi su tabbatar. Zuwa 2024, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na ƙasan teku aka auna daga jirgi. A watan Janairu na 2005, jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, San Francisco, ya yi karo da wani dutse a kudu da tsibirin Guwam, dutsen da babu shi a taswirar da matuƙan ke bi. Soja ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni.