Kowace Takarda Da Mazauninta

Yau hirarmu kan takardun gida ce.

Ke da kike cikin gida, ai ke ce ma'ajiya. Ran da maigida ya aiko yaro daga asibiti a ba shi katin rigakafin auta, ina za ki dosa? Ƙarƙashin katifa, ko cikin kwalla?

To, ki nemi fayil uku na roba. Na farko na yara: takardar haihuwa, katin rigakafi da lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Na biyu na gida: takardar fili da rasidin haya. Na uku naki: rasidin keken ɗinki da duk abin da kika saya da guminki. Ranar rabon gado, shi zai yi miki shaida.

In kina da babbar waya, ki ɗauki hotonsu, ki buɗe folda uku a Google Drive, kowace takarda da sunanta da shekararta. Ko gara ta ci, ko damina ta jiƙa, hoton yana nan.

Sai mako mai zuwa, a gaida yara.