Abin da Ke Ƙona Kwayil a Rijiyoyin Sola



A Kona da sauran unguwannin Jalingo, wanda ya gaji da jiran wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola yakan haƙa burtsatse ya haɗa ta da sola. Tsakanin farantan solar da famfon da muke kira sumo akwai akwatin inbata mai sarrafa gudun injin. Amfaninsa ba kaɗan ba ne: yana tayar da injin a hankali, kuma idan aka rage gudun famfo da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci takan ragu da kusan rabi. Sai dai sau da yawa kwayil ɗin injin yakan ƙone, a naɗa sabo, ya sake ƙonewa, a ɗora wa mai naɗi laifi. Yau ina so in wanke shi.

Wutar layi tana hawa da sauka sannu-sannu, sau 50 a daƙiƙa. Inbata kuwa yankan wuta yake yi. Domin ciyar da injin mai bolt 400, yana tara kusan bolt 560 a cikinsa, sannan ya riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Kowace kunnawa tana kaiwa ƙololuwa cikin ƙasa da kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa.

Wannan bugu yana bin kebul har bakin injin, ya dawo baya, kamar yadda igiyar ruwa ke dukan gaɓar kogin Lamurde ta komo ta hau kan mai biye da ita. Idan kebul ya yi tsawo, kamar na rijiya mai zurfi, abin da ke isa injin zai iya ninkawa ya haura bolt 1,000. Zagayen farko na kwayil su ke shan mafi yawan dukan. Ƙananan tartsatsi suna cin fentin da ke rufe wayar, har wata rana waya ta taɓa 'yar uwarta. Zafinmu na Maris da Afrilu yana ƙara wa injinan da ke sarari wahala, domin ƙarin digiri 10 kan rage rayuwar rufin waya da kusan rabi. A manyan injina, wutar takan tsallaka ta cikin boris ta ƙwarzane shi.

Masana sun daɗe da sanin wannan. Ƙa'idar ƙungiyar NEMA ta Amurka ta raba injin gama-gari da wanda aka ƙera domin inbata, na biyun yana da rufin waya mai ƙarin juriya.

Maganin yana hannunmu. A sayi injin da aka ƙera domin inbata. A dasa akwatin kusa da bakin rijiya don rage tsawon kebul. Inda tsawo ya zama dole, a sa filta tsakanin inbata da injin. A haɗa wayar ƙasa da kyau.

Roƙona ga kwamitocin ruwa da masu ba da kwangila: kafin ku sa hannu, ku nemi a rubuta tsawon kebul, irin injin da filtar da za a sa.