WA KE KAƊAWA, WA KE RAWA? KIƊA DA HARBI A WASANNIN KWAMFUTA



Da farko ina miƙa godiyata ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ga ya dace su ba ni wannan dama in tsaya a gabanku. Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka ce a ransu, "To, me ya haɗa jami'a da wasan yara?" Amsata gare su ita ce, masu iya magana sun ce wasa farin girki. Abin da mutum ya zaɓa ya yi da hannunsa lokacin da babu mai tilasta masa, shi ne ke nuna irin horon da yake yi wa kansa. Saboda haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Maganata a yau a kan wani sabon nau'in wasan kwamfuta ce, wanda ya haɗa abubuwa uku wuri guda: harbi, da bin bugun kiɗa, da kuma wani kiɗa mai tsananin amo da Turawa ke kira hebi metal, wanda zan riƙa kira kiɗan ƙarfe. Abin da nake so in tabbatar shi ne, a cikin wannan nau'in wasa kiɗa ya tashi daga matsayin ado ya hau matsayin doka, kuma duk wanda zai miƙa wuya ga wata doka ya kamata ya san wanda ya kafa ta da abin da take nema a wurinsa.

Asalin abubuwan uku

Bari mu fara da kiɗan. Mahaifarsa birnin Birmingham ne na ƙasar Ingila, garin maƙera da masana'antu. A shekarar 1968 wasu samari huɗu suka kafa ƙungiyar makaɗa wadda daga baya ta yi suna da Black Sabbath, faifansu na farko kuwa ya fito a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe. Bai jefar da jitar ba. Sai ya yi wa yatsun huluna na roba, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyun don ya rage wa kansa zafi. Sassauta tsirkiya kuwa yana ƙara wa amo kauri da nauyi. Kun ga ke nan wani ɓangare na gurnanin da aka san wannan kiɗa da shi daga haɗarin wurin aiki ya samo asali.

Na biyu shi ne wasan harbi ta idon ɗan wasa. A irin wannan wasa ba ka ganin gwarzon a kan allo, domin kai ne gwarzon; abin da kake gani kawai bakin bindigarka ne da abokan gaba suna tunkaro ka. Kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka shi ya kafa wannan salo da gindinsa, da wasan Wolfenstein 3D a 1992, sa'an nan Doom a watan Disamba na 1993. Bobby Prince, wanda ya tsara kiɗan Doom, salon kiɗan ƙarfe ya bi. Da aka sake fitar da Doom a sabuwar siga a 2016, Mick Gordon, mutumin Ostireliya, ya tsara kiɗan yadda zai riƙa hauhawa idan faɗa ya yi zafi, ya lafa idan fili ya yi tsit. To amma ku lura, har zuwa nan makaɗi ne ke bin ɗan wasa.

Na uku shi ne wasan bin bugu, wanda ya bunƙasa a ƙasar Japan. An fitar da PaRappa the Rapper a 1996, da Dance Dance Revolution a 1998, inda mutum ke taka wasu alamomi a ƙasa daidai da kiɗa. A Amurka Guitar Hero ya biyo baya a 2005. Sa'an nan a 2015 wani kamfani na Kanada ya fitar da Crypt of the NecroDancer, wanda a cikinsa taku da sara duk sai sun faɗa a kan bugu. A nan ɗan wasa ne ke bin makaɗi.

Inda hanyoyin suka haɗu

A watan Satumba na 2020 wani ƙaramin kamfani na Ingila, Awe Interactive, ya fitar da wasa mai suna BPM: Bullets Per Minute. A cikinsa bindiga ba ta tashi sam idan ka ja kunamarta ba a kan bugu ba, haka ma ɗura mata harsashi. Bayan shekara biyu, a watan Satumba na 2022, kamfanin The Outsiders na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin ya fito da Metal: Hellsinger, kamfanin Funcom na Norway kuma ya yaɗa shi. A kan wannan na biyun nake so in ɗan daɗe, domin a nan hikimar ta fi fitowa fili.

Labarin wasan ƙagagge ne irin na tatsuniyoyin Turai. Wata halitta ce da aka ƙwace mata muryarta, ta ratsa gidajen azaba guda takwas tana yaƙi domin ta ƙwato ta. A tsakiyar allo akwai wasu alamomi da ke tahowa daga dama da hagu suna haɗuwa daidai lokacin da ganga ta buga. Idan ka yi harbi a wannan lokaci, harbin ya fi illa kuma makinka ya ninku: biyu, huɗu, takwas, har goma sha shida. Idan ka kuskure, ko abokin gaba ya same ka, ninkin ya soma zubewa.

Ga inda abin ya ba ni sha'awa. Waƙar kanta ba a ba ka ita gaba ɗaya. Da farko kiɗan a raunane yake zuwa. Kana ƙara dacewa da bugu, ana ƙara maka kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya. Muryar mawaƙi ba ta fitowa sai ka kai ninki goma sha shida, kuma da zarar ka sauko sai ta ɗauke. Mawaƙan kuwa sanannu ne a fagen wannan kiɗa, irin su Serj Tankian na ƙungiyar System of a Down, da Matt Heafy na Trivium, da Randy Blythe na Lamb of God. Wato gwarzuwar labarin tana neman muryarta, kai ma da ke riƙe da na'ura muryar kake nema da guminka. Labari da doka sun zama abu guda.

Abin da ke faruwa a jikin ɗan wasa

Jama'a, bari mu yi ɗan lissafi. Idan kiɗa yana tafiya da bugu 120 a minti ɗaya, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne kacal. Mutum kuwa yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa kafin ya ji sauti ya motsa yatsa. Ma'ana, wanda ya jira sai ya ji bugu sa'an nan ya danna, ya riga ya makara. Dole sai dai ya hango bugun kafin ya zo. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan aka sa mutum ya riƙa ƙwanƙwasa tebur daidai da wani bugu, yakan riga bugun da ɗan ƙanƙanin lokaci. Shi ya sa ma tun kafin a fara, wasan ke sa ka auna jinkirin da ke tsakanin na'urarka da kunnenka.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu ko uku suna lugude a turmi guda ya san babu wadda ke jiran ta ga taɓaryar 'yar'uwarta ta tashi kafin ta saukar da tata. Jiki ne ya riga ya haddace lokaci. Mukan ce gani ya kori ji, amma a bakin turmi da kuma cikin wannan wasa, ji ne ke jan ragamar gani.

Abin dubawa

To, zuma ga zaƙi ga harbi. Akwai tambayoyi biyu da bai kamata mu kauce musu ba.

Tambaya ta farko, shin haɗa kisa da daɗin kiɗa ba ya koya wa mutum mugunta? Wannan gardama tsohuwa ce. A 1985 majalisar dattawan Amurka ta yi zaman sauraron ƙorafi a kan kalmomin waƙoƙi, kiɗan ƙarfe na cikin waɗanda aka fi zargi. A ƙarshen 1993 ta yi irin wannan zama a kan wasannin bidiyo, abin da ya jawo kafa hukumar tantance su bisa shekarun masu wasa a 1994. A 1999, bayan wasu ɗalibai biyu sun buɗe wuta a makarantar Columbine da ke jihar Colorado, mutane da yawa sun ɗora laifin a kan Doom, domin maharan suna yin sa. Amma a 2011 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wata dokar jihar California, ta ce binciken da aka gabatar mata bai tabbatar da cewa waɗannan wasanni ne ke sa yara su zama masu tashin hankali ba. Ni a ganina, miliyoyin mutane sun yi waɗannan wasanni ba su taɓa kowa ba, don haka zalunci ne a mai da su sanadin kisa. Duk da haka, siffofin aljanu da jini da gidajen azaba da ke cikinsu ba abin ajiye wa ƙananan yara ba ne, kuma wanda zuciyarsa ko aƙidarsa ta ƙyamace su yana da cikakken dalilin barinsu.

Tambaya ta biyu ita ta fi damuna, domin ta fi kusa da mu. Wanda ya tsara wasan ya gano abin da kake so, wato muryar mawaƙi, sai ya riƙe ta, yana ba ka yana ƙwacewa. Wannan dabara ce ke sa mutum ya ce "bari in ƙara sau ɗaya" har asuba ta riske shi. Ba a banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022. Ba kowane mai wasa take nufi ba. Tana nufin wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ture masa karatu da aiki da iyali. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa, da ma'aikacin da ake jira a ofis da ƙarfe takwas, su ne ya kamata su fi kowa auna kansu da wannan ma'auni.

Kammalawa

'Yan'uwa, ban zo in ce ku yi wannan wasa ba, ban kuma zo in hana ku ba. Na zo ne in nuna muku cewa waɗanda suka ƙirƙiro shi sun ɗauki ilmin lissafi, da na sauti, da na halayyar ɗan Adam, suka ɗora su a kan kiɗan ƙasarsu, duniya ta saya. Mu da muke da kalangu da kotso da gangar noma, kuma muke da ɗalibai a sashen kimiyyar kwamfuta, me ya hana mu yi tunanin abin da za mu gina a kan namu bugun? An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gaskiya ne. Amma ɗan jami'a bai kamata ya tsaya a rawa kaɗai ba. Ya kamata ya tambayi wa ke riƙe da makaɗi, in da hali ma ya karɓa.