Jawabi Kan Kwashe Kaya Kafin Sayar da Gida



Tun bayan ambaliyar Alau ta watan Satumbar 2024, wasu magidantanmu a Gwange da kewaye suna neman sayar da gidajensu. Idan dillali ya kawo mai saye ya tarar da zaure cike da tsofaffin katifu da buhuna, nan take zai karya farashi. Saboda haka mu share, mu rage tarkace, mai amfani mu ba mabukata.

Amma kada garin shara mu zubar da haƙƙi. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Sai dai mu da ake yi wa kallon baƙi, takarda ce shaidarmu. Takardar ciniki mai sa hannun Bulama da shaidu, da rasidai, da takardar mallaka, mu killace su tun kafin a ɗauki tsintsiya. Wanda ruwa ya lalata tasa ya tuntuɓi hukumar BOGIS. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar gida mai takardar gwamnati.

Kayan ɗakin mace nata ne, maigida ba ya sayarwa sai da yardarta. Kayan mamaci ba a taɓa su kafin rabon gado. Ajiyar wani kuma amana ce, mu kira mai ita ya ɗauka a gaban shaidu.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.