WA ZAI YI MAGANA A MADADINKA RANAR DA BAKINKA YA RUFE?

Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman ta'alim na matasa a garin Birnin Gwari.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da alayensa da sahabbansa. 

Maganar da zan yi yau a kan wakilci ce, wato mutum ya naɗa wanda zai yanke shawarar jinyarsa idan ya shiga halin da ba zai iya magana ba. Na san wani zai ce wannan ai zancen tsofaffi ne. To amma a ƙasar nan su wa ake kwasowa daga gona da hanya jina-jina? Mu ne matasa.

Ba mu manta da harin Gwaska na watan Mayun 2018 ba, inda aka kashe mutane da dama. Ba mu manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a yankin nan wajen wata biyu. A lokacin, in an wuce da ɗan'uwa Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko Asibitin Shika a Zariya, likita ya ce a sa hannu a yi tiyata, ta ina za a sami mahaifinsa da ke Kuyello ko Randagi? Alhamdu lillahi, a watan Nuwamban 2024 an yi sulhu, har aka sake buɗe kasuwar shanu. Sai dai haɗarin mota da saran maciji da ruftawar ramin zinariya da naƙuda ba su san sulhu ba.

'Yan'uwa, Musulunci bai bar mu a duhu ba. Wakilci halal ne. A Suratul Kahfi, aya ta 19, samarin kogo sun wakilta ɗayansu ya sayo musu abinci. In an wakilta mutum a kan abinci, ina ga jiki, wanda amana ne a hannunmu? Sannan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a jinyar Manzon Allah (S) ta ƙarshe an ɗura masa magani ta gefen baki, alhali ya yi nuni da kada a yi. Da ya farfaɗo sai ya umarci a ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da Abbas da bai halarta ba. Ashe ke nan majinyaci yana da ta cewa a kan jikinsa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa ana neman izinin majinyaci in yana cikin hankalinsa, in ba ya ciki sai waliyyinsa, bisa maslahar majinyacin. In kuwa rai na cikin haɗari, ba a jiran izinin kowa.

Dokar ƙasar ma haka ta ce. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba sai da takardar 'yan sanda ba. Amma bayan an tsayar da jini, sauran tambayoyi na nan. A yanke ƙafar ko a jira? A wuce Kaduna ko a tsaya? A sayar da gona? Nan ake samun baffa ya ce asibiti, kawu ya ce mai ɗori, ciwo kuma yana ta ci.

To mene ne abin yi?

Na ɗaya, ka zaɓi mutum mai tsoron Allah, wanda ba ya ruɗewa in ya ga jini, wanda kuma ake samunsa. Mahaifi shi ne kan gaba. In ya tsufa ko yana nesa, ka je ka durƙusa ka ce, "Baba, in wani abu ya same ni, ina neman ka yarje wa Yaya ya tsaya a kaina." Kada ka tsallake iyaye ka naɗa aboki a ɓoye, fitina za ka bari.

Na biyu, ka gaya masa ra'ayinka a kan tiyata da ƙarin jini da yanke gaɓa, da abin da za a sayar in kuɗi sun ƙare.

Na uku, ka rubuta, da boko ko da ajami, shaidu biyu su sa hannu. Ka sa sunansa da lambarsa da rukunin jininka a aljihu tare da katin shaidarka. Ka kuma ambaci mutum na biyu, ko da ba a sami na farko ba.

Na huɗu, ku masu iyali. Kada ka tafi gona ko fatauci ka bar mace da tsohon ciki ba ka bar izini ba. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa in naƙuda ta yi tsanani a kai ta asibiti, in likita ya ce tiyata, ita ta amince, a yi. Ranta ba zai jira dawowarka ba.

Kai kuma da aka wakilta, amana ka ɗauka. Ba ra'ayinka za ka zartar ba, nasa ne, matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Ba ka da ikon neman a gaggauta masa mutuwa. Wakilcinka yana ƙarewa da zarar ya farfaɗo ko ya cika, daga nan sai wasiyya da magada.

Wannan ba kiran mutuwa ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Ajali na hannun Allah, shiri kuwa an ɗora mana. Kada Juma'a mai zuwa ta riske mu ba mu yi wannan magana a gidajenmu ba.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.