JAWABIN KWAMITIN AL'ADU A KAN ƊAUKAR KIƊAN 'YAN KALANGUNMU A BIDIYO

 



An umurci wannan kwamiti ya tashi ya yi bayanin yadda aka yi da kuɗin da kuka tara domin a ɗauki kiɗan 'yan kalangun garin nan a bidiyo. Mun san akwai masu ƙorafi, kuma suna da gaskiyarsu, domin aikin da muka ce za a gama cikin mako biyu ya ci watanni. Takardar lissafi tana hannun ma'aji, duk mai son gani ya je ya duba. Abin da za mu faɗa a nan shi ne yadda aikin ya gudana, har da inda muka yi tuntuɓe.

Da farko bari mu tuna wa jama'a dalilin da ya sa aka shiga wannan aiki. Mu Hausawan Mubi fatauci ne ya kawo kakanninmu, muka zauna cikin Fulani da Gude da Fali da Njanyi da sauransu, tun ƙasar nan tana ƙarƙashin riƙon amana, kafin ƙuri'ar 1961 ta haɗe ta da Nijeriya. Inda duk aka ce ga kasuwar shanu irin tamu, to akwai mahauta, inda kuwa akwai mahauta akwai kalangu. Da shi aka yi bukukuwan iyayenmu. Amma a ƙarshen watan Oktoba na 2014, da 'yan tada ƙayar baya suka kama garin nan, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa, wasu Yola, wasu ƙetaren iyaka zuwa Kamaru, wasu kan duwatsu. Da aka dawo, gidaje da dama ba su tarar da kaset ko ɗaya na bukukuwansu ba. Babban makaɗin da ya rage mana kuwa ya manyanta, hannunsa ya fara rawa. Shi da yaransa ba su da kamfani, ba su da ubangida mai ɗaukar nauyinsu, abin da suka samu a wajen biki shi ne nasu.

Ku dubi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Hajiya Barmani Coge a 2013, da Ɗan Maraya Jos a 2015. Yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata yana iya buɗe wayarsa ya ga yadda yake tsayuwa da yadda 'yan amshinsa suke karɓa, saboda gidajen talabijin sun ɗauke su. Namu makaɗan babu gidan talabijin da zai biyo su. Idan ba mu ɗauka ba, babu mai ɗauka.

To, sai muka nemi wani matashi daga cikin 'ya'yanmu wanda yake ɗaukar hoton biki, yana kuma yi wa mawaƙan zamani bidiyo. Ya ce mana hanyar da kowa yake bi ita ce a fara shiga situdiyo a naɗi sautin tsaf, sannan a fita fili a kunna shi a lasifika, mawaƙa su riƙa bin sa da baki da hannu kamar yanzu suke yi, ana ɗauka sau da yawa ta ɓangarori daban-daban. Haka ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, musamman tun daga lokacin Sangaya a 1999 da kiɗan fiyano ya mamaye harkar. Hanya ce mai kyau ga mai fiyano, domin abin da na'ura ta kaɗa jiya shi za ta kaɗa gobe, ba ragi ba ƙari. Mu kuwa ba mu yi tambaya ba, muka ce a yi hakan.

A nan ne muka yi asarar farko. Kalangu ba fiyano ba ne. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana sakewa, sautin yana hawa yana sauka kamar maganar mutum, kuma abin da yake faɗa da gangar ya danganta da wanda idonsa ya faɗa a kai. In ya hango ɗan gidan wani mahauci da ya sani, take sai ya juya zuwa taken gidansu. Da aka kunna masa kiɗan da shi kansa ya yi a situdiyo aka ce ya bi, sai dattijon nan ya kasa. Ya gwada sau uku, ya ajiye makaɗi ya ce, "Yarana, wannan kiɗan na ranar ne, ya wuce." Mai ɗan karɓi da mai kuntuku su ma suka rikice, don su hannunsa suke bi, ba lasifika ba. Da aka kai hoton kan kwamfuta, wallahi abin kunya ne. Kunne yana jin bugu, ido yana ganin hannu a sama. Duk wanda ya san kalangu zai gane cikin daƙiƙa guda. Kuɗin situdiyo da na mota da na abincin ranar duk suka tafi. Laifin ba na yaron ba ne, ya yi abin da ya sani. Mu da muka girma muna jin kalangu mu ne ya kamata mu hango.

Sai aka sake shiri. Aka yanke shawarar a ɗauki kiɗan yana gudana, a gaban mutane, yadda ake yin sa. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin babu damar a ce a dakata a sake daga tsakiya. Dole a sami idanu da yawa a lokaci ɗaya. Muka yi amfani da kyamara guda da wayoyi biyu. Kyamarar aka kafa ta a kan ƙafafunta daga nesa tana ɗaukar kowa da kowa, ba ta motsi tun daga farko har ƙarshe, ita ce mafaka in sauran sun ɓaci. Waya ɗaya aka ce kada ta bar hannun babban makaɗi da hammatarsa. Ɗayar kuma tana yawo tsakanin fuskar mawaƙi da 'yan amshi da masu kallo.

Sautin kuwa ba a bar wa kyamara shi ba. An ajiye na'urar naɗar sauti daban, da makirfo ɗaya kusa da bakin mawaƙi, wani kuma ɗan nesa da gangunan, saboda in an matsar da shi kusa kalangu yana danne murya. Akwai wani abu da yawancinmu ba mu sani ba sai ranar. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, saboda haka kyamarar da ke nesa da mita 10 tana jin bugun a makare, kusan da tazarar hoto guda. Shi ya sa kafin a fara kowace waƙa wani yake shiga tsakiya, inda duk na'urorin suke ganinsa, ya tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya. Wasu dattawa sun ɗauka wani surkulle ne, har aka yi dariya. Alhali kuwa wannan tafin shi ne alamar da mai tace hoto zai jera dukkan hotunan da sautin a kai.

An kuma sa duk na'urorin su riƙa ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa. Wutar lantarkin ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, waya kuwa galibi a kan 30 take zuwa, in ba a gyara ba sai ka ga hasken ƙwan fitila yana ƙyaftawa a hoton. Janareta aka kai shi bayan katanga uku da doguwar waya. An fara bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi ba ta zuba inuwa a cikin idon mutum, aka tsaya da kiran magariba.

Wajen da za a ɗauka ma sai da aka yi gardama. Matasa suna son a je gindin duwatsu ko bakin kogin Yedzaram, don a ga kyan ƙasarmu. Ba mu ƙi ba, amma iska tana busa makirfo, kuma makaɗin ya ce shi bai taɓa yi wa dutse kiɗa ba. A ƙofar gida aka yi, kan tabarmi, mahauta suna zaune, mata suna daga ciki suna guɗa.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tacewa, kuma shi ne wanda jama'a ba sa gani, har wasu suka zaci an cinye kuɗin ne. Mai tacewa yana fara shimfiɗa sautin nan mai kyau a ƙasa, sannan ya ɗora hotunan uku a kansa ta wurin tafin da muka ambata, sai ya riƙa zaɓen wanda za a nuna a kowane lokaci. Ɗaya daga cikin wayoyin ta ba mu wahala, domin waya takan rage ko ta ƙara gudun ɗaukarta ita da kanta, sai ka ga an fara daidai, bayan minti shida hoto ya zame wa sauti. Sai da aka bi ta gaɓa gaɓa ana gyarawa.

Mun kuma sami saɓani da yaron a kan salon yanka. Shi ya saba da waƙar zamani, inda hoto yake canzawa kusan kowace daƙiƙa biyu. Da ya nuna mana zubin farko, kai ya riƙa juyawa. Muka ce masa, ɗanmu, wanda zai kalli wannan bayan shekara 30 so yake ya ga yadda hannun nan yake yi, ka bar shi a kai har ya gama faɗin taken. Ya ce matasa za su gaji su wuce. Wataƙila yana da gaskiya ta wani ɓangare. Abin da aka daidaita a kai shi ne a fitar da zubi biyu, gajere na minti huɗu domin waya da YouTube, da kuma cikakke wanda ba a yanke ko bugu ɗaya ba, domin ajiya. A ra'ayinmu na biyun shi ne ainihin abin da kuka biya. Mun ɗauko dattijon ya zauna gaban kwamfuta ya kalla, ya nuna wurare biyu da aka yanke hoto a tsakiyar maganar ganga, aka gyara. Ya kuma faɗi sunan kowane take da gidan da ake yi wa shi, aka rubuta a ƙasan hoton, domin yaranmu da yawa Fillanci ya fi zama a bakinsu, balle su ji maganar kalangu.

Saura magana biyu da muke son wannan taro ya yanke. Ta farko ita ce ta mallaka. Ƙungiya ta ba da kuɗi, amma kiɗan na masu shi ne. Muna ba da shawarar a rubuta a takarda, a gaban Sarkin Fawa, cewa duk abin da bidiyon ya kawo na makaɗan ne, ƙungiya kuma tana da ikon ajiye shi da nuna shi a tarukanta. Mun ga yadda makaɗan da suka gabata suka mutu hannu wofi alhali masu shagon tura waƙa suna cin abinci da muryarsu. Ta biyu, akwai mata biyu da fuskarsu ta fito lokacin guɗa, mazajensu ba su amince ba. Mun cire wurin daga gajeren zubin, muna neman izini a cire shi daga cikakken ma kafin a nuna.

Game da ajiya, an yi kwafi uku. Ɗaya yana wajen magatakarda, ɗaya wajen makaɗan, na ukun mun aika wa wani ɗan'uwanmu a Kano, saboda abin da ya same mu a 2014. Muna kuma roƙon duk mai tsohon kaset na bidiyo ko na rikoda da ya tsira a gidansa, ko na biki ne ko na suna ko na hawan salla, ya kawo wa kwamiti a juye shi a kwamfuta a mayar masa da abinsa, domin zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura ko ba a taɓa shi ba. Iyayenmu mata masu kiɗan ƙwarya sun riga sun aiko cewa su ma a zo a ɗauke su, za mu kawo kiyasin kuɗin a zama na gaba.

Bayan sallar isha'i za a nuna gajeren zubin a nan farfajiya, makaɗan ma suna nan tare da mu.