Jawabi a Kan Wuce Wa'adin Biza a Ƙasar Waje

 

An ce mu yi magana a kan abin da mutum zai yi idan ya je ƙasar waje kwanakin bizarsa suka ƙare bai fita ba. Membobinmu suna tafiya taron ikkilisiyu, suna zuwa asibiti, iyaye mata kuma suna zuwa renon jikoki. Wanda ya tafi da niyyar ɓacewa batunsa daban ne. Namu a yau shi ne mai gaskiya, wanda ya ƙara kwana biyu, ko biyar, ko goma, saboda kuskuren lissafi, ko ciwo, ko an soke jirgi. Za mu ɗauki ƙasashen Turai na yankin Shengen su zama misalinmu, domin can ne ikkilisiyu da dama da muke zumunci da su suke, kamar Jamus, Denmak, Holan da Suwizalan. Ƙasashe 29 ne ke aiki da biza ɗaya. Birtaniya ba ta cikinsu.

1. Yadda ake faɗawa cikin matsalar

A jikin bizar Shengen akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa, alhali kuwa daban suke. Na ɗaya, ranar da biza za ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Na biyu, yawan kwanakin da aka yarda mutum ya zauna. Ofishin jakadanci yakan ƙara kwana 15 a kan ranar mutuwar biza domin ko tafiya za ta yi jinkiri. Wannan ƙari na ranar tashi ne, ba na zama ba.

Bari mu yi misali. An ba dattijo biza daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Yuni, kwanakin zama 15. Ya sauka ranar 3 ga Yuni. Ranar shiga ana ƙirga ta, ranar fita ma ana ƙirga ta, saboda haka ranarsa ta ƙarshe ita ce 17 ga Yuni. Idan ya dubi 30 ga wata ya zauna har ranar, ya wuce da kwana 13, shi kuwa yana ganin daidai yake.

Masu biza ta shekara ɗaya ko fiye su ma su lura. Ba a yarda su wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, kuma a haɗe ake ƙirga kwanakin dukan ƙasashen. Tsallakawa daga Jamus zuwa Faransa ba ya sabunta lissafi.

A da jami'i ne ke duba hatimi a fasfo yana ƙirgawa, wani lokaci ya gani, wani lokaci ya wuce. Daga 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen suka fara aiki da sabon tsarin kwamfuta mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, yana kuma rubuta ranar shiga da ranar fita. Don haka kada kowa ya dogara da labarin wani da ya wuce a shekarun baya ba a ce masa komai ba.

2. Idan kwanaki ba su ƙare ba tukuna

'Yan'uwa, nan ne wurin da ya fi muhimmanci. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta buɗe ƙofar ƙarin kwanaki. Idan abin da ya hana mutum fita ya fi ƙarfinsa, kamar rufe filin jirgi, ko kuwa dalili ne na jinƙai, kamar ciwo mai tsanani, ana ƙara masa ba tare da biyan kuɗi ba. Idan wani babban dalili ne na kansa, kuɗin Yuro 30 ne. Irin wannan ya faru da dubban matafiya a watan Afrilu 2010, lokacin da tokar dutse mai aman wuta na ƙasar Aisilan ta tsayar da jirage a Turai kusan mako guda, haka kuma a 2020 lokacin cutar korona.

Amma sai an nema tun biza tana da rai. A Jamus ana zuwa ofishin kula da baƙi na garin da mutum ya sauka. A tafi da fasfo, da takardar likita ko ta kamfanin jirgi, da sabon tikiti, da inshorar lafiya da ta kai sababbin kwanakin. A tafi tare da mai masauki, domin ya san harshe ya san ofis. Zuwa da kai ya fi aike. Mu sani kuma, son ƙara hutawa, ko jiran bikin suna, ko neman tikiti mai sauƙi, ba dalilai ne da za su karɓa ba.

3. Idan an riga an wuce

Na farko, kada tsoro ya sa a ƙara zama. Wasu da sun ga sun wuce da kwana uku sai su ce an riga an ɓata, su zauna wata uku. Hukunci kuwa yana ƙaruwa ne da yawan kwanaki. A Holan, alal misali, wanda ya wuce da fiye da kwana uku ana iya hana shi shiga na shekara ɗaya, kuma irin wannan hani yakan shafi sauran ƙasashen Shengen. A nemi jirgi mafi kusa a fita.

Na biyu, a tattara shaida: takardar sallama daga asibiti, saƙon soke jirgi, tsohon tikiti da sabo.

Na uku, a je filin jirgi da wuri, domin za a iya tsayar da mutum a yi masa tambayoyi. A faɗa wa jami'in shige da fice gaskiya a taƙaice, cikin ladabi. Kowace ƙasa da nata: wata gargaɗi, wata tara, a Jamus kuwa 'yan sandan kan iyaka suna iya buɗe wa mutum fayil. Kada a sa hannu a takardar da ba a gane ba, a roƙi mai fassara. In an biya tara a karɓi rasit, a kuma nemi kwafin duk abin da aka rubuta. Kada a kuskura a miƙa wa jami'i na goro. Wannan laifi ne da ya fi wuce wa'adin nauyi nesa ba kusa ba.

Na huɗu, a guji masu cewa za su gyara hatimi, ko su ba da shawara a ce fasfo ya ɓata a yi sabo. Zanen yatsu ba ya canzawa da sabon fasfo.

4. Sauran ƙasashe a taƙaice

A Amurka, ranar da za a fita tana cikin takardar I-94 da ake ba mutum bayan ya sauka, ba a jikin biza ba. Ko kwana ɗaya aka wuce, bizar ta mutu. Wanda ya wuce kwana 180 ana hana shi komawa shekara 3, wanda ya kai shekara ɗaya kuma shekara 10. A Birtaniya, wanda ya wuce fiye da kwana 30 sannan ya fita da kuɗinsa ana hana shi shiga na wata 12. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tun 2022 aka daidaita tarar a dirhami 50 kowace rana.

5. Neman biza a gaba

Takardun neman biza na Amurka da Birtaniya suna tambaya kai tsaye ko mutum ya taɓa wuce wa'adi. A ce i, a faɗi yawan kwanakin da dalili, a haɗa da shaidar da aka ajiye. Kwana biyar da aka yi bayaninsu ana iya yafewa. Kwana biyar da aka ɓoye sun zama yaudara, kuma a Birtaniya hukuncinta hani ne na shekara 10. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

6. Abin da ya shafi ikkilisiya

Iyayenmu dattawa, wannan magana ba ta matafiyi kaɗai ba ce. A Jamus mai gayyata yakan sa hannu a takardar alkawari cewa shi zai ɗauki kuɗin baƙonsa, har da kuɗin mayar da shi gida in ta kai ga haka. Idan wakilinmu ya wuce wa'adi, sunan ikkilisiyar da ta gayyace shi ne a rubuce, kuma wakilin shekara mai zuwa ne zai sha tambaya. A watan Disamba 2025 Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa wasu nau'o'in biza, yawan masu wuce wa'adi kuwa yana cikin dalilan da ta bayar. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Don haka muna ba da shawara uku. Kafin memba ya tashi, wani mai karatu ya zauna da shi su ƙirga kwanakin da kalanda, a rubuta masa ranar ƙarshe a takarda ya sa cikin fasfo. A sayi tikitin dawowa da ratar kwana biyu kafin wannan rana. Wanda kuma ya dawo da irin wannan matsala kada a mai da shi abin gulma, a taimake shi ya adana takardunsa, ya kuma rubuta wa masu masaukinsa bayani.

Allah ya kiyaye tafiyarmu da dawowarmu.